Kiɗan Furog da Rigimar Aron Sauti: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda maganar kiɗan furog ta taso tsakanin masu sauraron kiɗan ƙetare, gardama ce ke biyo baya. Wani ya ce shi ne ƙololuwar da kiɗan rok ya taɓa kaiwa, wani ya ce burga ce ta samarin Ingila da suka samu kuɗi da kayan sauti. Ƙarƙashin wannan gardamar akwai wadda ta fi ta nauyi, wato ta aro: wa ya ɗauki sautin wa, ya faɗa ko ya ɓoye, ya biya ko ya cinye. Na tattara tambayoyin da aka fi yi a kai na amsa su. Ina ƙaunar wannan kiɗa, kuma ƙaunar ce ta sa ba zan rufe ido a kan aibinsa ba.

Wai mene ne furog ɗin?

Reshe ne na kiɗan rok da ya tsiro a Ingila a ƙarshen shekarun 1960. Turawa suna kiransa progressive rock, wato rok mai ci gaba, sannan su taƙaita sunan zuwa kalma ɗaya, ita ce nake rubutawa furog. Kafin zuwansa, waƙar rok ba ta cika wuce minti uku ba: baiti, amshi, baiti, amshi, a tashi. 'Yan furog suka ga rigar ta yi musu kaɗan. Sai suka riƙa gina kiɗa kamar gidan gargajiya, a shiga ta zaure, a bi ta soro, a faɗa tsakar gida, kowane sashe da yanayinsa, kuma ba lalle a fita ta ƙofar da aka shigo ba.

Mafi yawan masu bin tarihinsa suna ɗora mafarinsa a kan faifan farko na King Crimson, wanda ya fito a watan Oktoba 1969, wata uku bayan ƙungiyar ta yi wasa gaban wani gagarumin taro a filin Hyde Park na Landan. Daga nan sai Yes, da Genesis, da Jethro Tull, da Emerson, Lake & Palmer, da Gentle Giant, da Van der Graaf Generator. Pink Floyd ma ana lissafa su, ko da yake wasu masoyansu ba su yarda ba. Ganiyar abin ta kasance tsakanin 1971 da 1974.

Abu biyu kunne zai fara kamawa. Na farko shi ne ƙidayar bugu: maimakon huɗu-huɗu da aka saba, sai ka ji biyar ko bakwai ko tara, ƙafarka tana neman inda za ta taka. Na biyu shi ne sautin wata na'ura mai suna Mellotron. Kamanninta na fiyano ne, amma ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren kaset da aka naɗi goge ko sarewa ko muryoyin mutane a kai, in an danna ya yi sauti na kusan daƙiƙa 8. Ke nan tun daga kayan aikinsa, furog ya jingina da sautin da wasu suka riga suka buga.

Me ya sa waƙoƙin ke da tsawo haka?

Faifan garmaho ne ya yanka musu iyaka. Kowane gefe yana ɗaukar minti 20 da 'yan kai, su kuwa suka ɗauki gefen a matsayin fili guda da za a nome gaba ɗaya. A shekarar 1972 kaɗai, Yes sun fitar da kiɗa mai kusan minti 19, Genesis mai kusan minti 23, Jethro Tull kuma suka cika gefe biyu da waƙa ɗaya mai sama da minti 43.

Wannan tsawon ya ruɗa Turawa, amma wanda ya tashi yana jin Shata ko Ɗan Anace a rediyo ba zai ga abin mamaki ba. Mu mun saba mawaƙi ya kafa turke, ya yi nisa, ya ratsa ta zambo da habaici, ya dawo kan turkensa. Fela Kuti ma a wannan zamanin yana cika gefen faifai da kiɗa ɗaya a Legas. A nan ne nake da ja da sunan kansa. In tsawaitawa da sarƙa bugu su ne ci gaba, to makaɗan kalangu da na Fela sun riga su isa. Sunan ya nuna kamar kowa yana tsaye ne sai su.

Me ya sa masu sharhi da yawa suka tsane shi?

Zargin ɗaya ne: girman kai. Kuma 'yan furog sun ba su abin faɗa. A 1973 Yes suka fitar da faifai biyu masu kiɗa huɗu kacal, kowanne ya cika gefe, kuma tushen aikin gaba ɗaya wani ɗan bayani ne na ƙasan shafi da mawaƙinsu Jon Anderson ya karanta a littafin wani malamin addinin Hindu. Mai buga musu fiyano, Rick Wakeman, bai ji daɗin aikin ba, ya bar ƙungiyar a 1974. Shi ma a 1975 ya je Wembley ya gabatar da nasa kiɗan a filin ƙanƙara, 'yan wasa suna sulu a kai cikin shigar mayaƙan da. A 1977 Emerson, Lake & Palmer suka ɗebi cikakken taron makaɗan gargajiyar Turai zuwa rangadi a Amurka, kuɗi ya gaza, dole suka sallame su tun ba a yi nisa ba.

Na yarda an yi almubazzaranci. Amma hukunta furog da waɗannan kamar hukunta waƙar fada ne da mawaƙin da ya fi kowa roƙo. A cikin shekarun nan dai aka yi kiɗan da har yau makaɗa ke zama su koye shi bugu-bugu.

Gaskiya ne kiɗan 'ya'yan masu kuɗi ne?

Rabin gaskiya ce. Genesis sun haɗu ne a Charterhouse, makarantar kwana mai tsada. Uku daga cikin 'yan Pink Floyd sun haɗu suna karatun zanen gine-gine a Landan. Amma Jon Anderson ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 ya kama aikin gona, Greg Lake kuma gidan talakawa ya tashi. Abin da ya fi haɗa su shi ne kunnen da aka rena da waƙoƙin coci da darasin fiyano. Chris Squire na Yes, misali, a ƙungiyar mawaƙan coci ya fara.

Ana cewa sun wanke rok daga asalinsa na baƙar fata. Haka ne?

Wannan shi ne zargi mafi zafi, kuma ba a banza ya taso ba. Rok ɗa ne ga buluz, kiɗan jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka zuwa Amurka. Wasu 'yan furog sun fito fili sun ce su daga kiɗan Turai suke ɗiba, ba daga buluz ba. To in ka cire buluz ka sa Bach, tsohon mawallafin kiɗan Jamus, sannan ka kira abin da ya fito ci gaba, ai ka faɗi wani abu game da buluz ko ba ka furta ba. Wannan ɓangaren zargin ban ga yadda za a kauce masa ba.

Sai dai akwai gefen da masu zargin ba su cika dubawa ba. Turawan da suka tsaya kan buluz su ne suka fi ɗibar kayan baƙar fata kai tsaye. Led Zeppelin sun yi amfani da kalmomin Willie Dixon, baƙar fata mawallafin buluz, a wata waƙarsu ta 1969 ba tare da sunansa ba, sai da ya kai ƙara a 1985 aka sasanta a 1987. Eric Clapton, wanda duk arzikinsa daga buluz ne, ya tsaya a dandali a Birmingham a 1976 ya zagi baƙi 'yan ci-rani, abin da ya jawo kafa gangamin Rock Against Racism. Saurayin da ya ce shi ɗan Ingila ne, ba zai kwaikwayi kukan manomin auduga na Misisifi ba tunda bai sha wahalarsa ba, zai yi waƙa da abin da ya gada, ni ban ga rashin mutunci a wannan matsayar ba.

Kuma wankin bai taɓa fita ba. Bill Bruford, mai ganguna a Yes da King Crimson, ɗalibin jaz ne tun yana yaro, daga baya ma jaz ɗin ya koma. Christian Vander na ƙungiyar Magma ta Faransa, wanda ya ƙirƙiro wani harshe nasa don waƙa, ya sha faɗin cewa makaɗin jaz John Coltrane ne fitilarsa. Jaz kuwa na baƙar fatar Amurka ne kamar buluz.

Daga wa suka fi ara, kuma sun nemi izini?

A farko daga manyan mawallafan kiɗan Turai. Labaran nan ya kamata a bi su a hankali, domin su ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

Faifan farko na Emerson, Lake & Palmer a 1970 ya buɗe da kiɗan da aka gina kan wani aikin fiyano na Béla Bartók ɗan Hungari, wanda ya rubuta a 1911. Ba su sa sunansa ba. Bartók ya rasu tun 1945, amma matarsa tana raye, ta tuntuɓe su, aka gyara a bugu na gaba. King Crimson sun so naɗar wani sashe na aikin Gustav Holst da suke bugawa a dandali, magadansa suka hana, dole suka sauya shi suka ba shi wani suna a faifansu na 1970. A 1973, da Keith Emerson ya sarrafa wani aikin Alberto Ginastera ɗan Ajantina, sai da ya hau jirgi zuwa Janeba, ya zauna a gidan mutumin, ya kunna masa kaset, ya samu amincewarsa. A 1977 ma sun nemi yardar Aaron Copland na Amurka, ya ba su.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da suna a rubuce, da kamfanin da ke tsare masa haƙƙi, da lauya, da adireshin da za a aika wasiƙa. Shi ya sa aka ƙwanƙwasa musu ƙofa, ko suka ƙwanƙwasa ta wanda ya ɗauka.

Wani abin lura: Bartók kansa babban mai aro ne. Ya yi shekaru yana yawo ƙauyukan Hungari da Romaniya da na'urar naɗar murya, a 1913 ya je har Biskra a Aljeriya, a 1936 ya je Turkiyya. Amma yana rubuta garin da ya ji waƙa da wanda ya rera ta, ya kuma wallafa su don kowa ya gani.

To da aka juya wajen Afirka da Asiya fa?

Nan ƙofar ta daina samun mai ƙwanƙwasawa. Misalin da ya fi tsaya min a rai ba daga ɗan furog ya fito ba, amma shi ne ya nuna yadda kasuwar take. A 1967 aka naɗi makaɗan gangunan Burundi a ƙasarsu, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da faifan. A 1971 wani Bafaranshe, Michel Bernholc, ya ɗora fiyano da jita a kan wannan naɗin ya sayar da shi da wani suna, ya kuma samu kasuwa. Joni Mitchell ta yi amfani da naɗin a 1975. A farkon shekarun 1980 ƙungiyoyin Adam and the Ants da Bow Wow Wow suka gina suna a kan wannan bugun. Makaɗan da suka yi gumin ba su ga ribar ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma gangunan nan ba na wasa ba ne. Na sarauta ne, matsayinsu a Burundi kamar na tambari a wurinmu, wanda ba a buga wa kowa sai sarki. A 2014 hukumar UNESCO ta sa rawar gangar cikin jerin kayan gadon duniya.

Haka ya faru da Solomon Linda na Afirka ta Kudu, wanda ya naɗi waƙarsa a 1939, ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da aka fi sani a duniya bayan Amurkawa sun sake rera ta a 1961, shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 'ya'yansa suka samu sasanci. Manu Dibango na Kamaru ya fi sa'a domin a lokacin yana raye kuma ya san hanyar kotu: da Michael Jackson ya ɗauki amshin waƙarsa ta 1972, an biya shi.

A cikin furog ɗin kansa, aron ya fi zuwa ta hanyar koyon tsari. King Crimson na 1981 sun saƙa jita biyu cikin juna irin yadda makaɗan gamelan na Indunusiya ke saƙa ƙarafansu. Ba su yanki sautin kowa ba, sun koyi dabara ne suka yi nasu da ita, kuma ba su ɓoye inda suka gano ta ba. Ƙungiyar Can ta Jamus kuwa, da suke kwaikwayon kiɗan wasu ƙasashe, sun sa wa jerin wani suna da ke nufin jabun kayan al'adu. Sun faɗa da bakinsu cewa kwaikwayo ne, kada wani ya ɗauka na asali yake ji.

Peter Gabriel fa? Mai taimako ne ko mai cin riba?

A kansa aka fi rabuwa. Ya bar Genesis a 1975, ya karkata ga kiɗan Afirka da Asiya. A 1982 ya shirya bikin WOMAD na farko a Ingila, ya gayyato makaɗa daga ƙasashe da dama, har da makaɗan gangunan Burundi da kansu. Bikin ya ci bashi mai yawa, sai da tsofaffin abokansa na Genesis suka sake haɗuwa da shi a wasa ɗaya a watan Oktoba na shekarar don a biya. A 1986 ya sa muryar Youssou N'Dour na Senegal a faifansa da sunansa, ya tafi da shi rangadi. A 1989 ya kafa kamfanin Real World, wanda ya fitar da Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan da wasu da yawa. A shekarar, da ya yi wani faifai mai cike da sautukan Gabas ta Tsakiya da Afirka, ya biyo shi da na biyu mai ɗauke da ainihin kiɗan da ya ɗiba daga gare su, don mai saurare ya san masu shi.

Mutumin da ya yi haka ba za a haɗa shi da wanda ya sayar da gangunan Burundi ba. Duk da haka ina da abu biyu a kansa. Waƙarsa ta 1982 da ya yi da makaɗan Ekome masu buga gangunan Gana ta ginu ne kan labarin wani Bature da ya ji kiɗa a Afirka ya ji kamar hankalinsa zai gushe. Wannan tsohon kallo ne, na ganin gangar Afirka a matsayin abin da ke kwashe hankali, alhali ganga a wurinmu magana take yi, tana da nahawunta, tana kiran suna da kirari. Na biyu shi ne ikon zaɓe. Ko da niyya ta yi kyau, Bature ne a Ingila ke yanke wanda duniya za ta ji. A 1987 wasu masu kamfanonin faifai suka zauna a Landan suka ƙirƙiro laƙabin kiɗan duniya, don shaguna su san inda za su ajiye faifan. Sai ga mai kora daga Mali da mai ƙawwali daga Pakistan a kanta ɗaya, kamar abin da ya haɗa su kawai shi ne ba Turawa ba ne.

Akwai inda wannan labari ya ratso Najeriya?

Ya ratso ta Legas. Ginger Baker, mai gangunan ƙungiyar Cream ta Ingila, ya tsallaka Sahara da mota, ya zauna a Legas, ya buɗe situdiyo a Ikeja, ya kuma yi faifai da Fela a 1971 da sunayensu biyu a bango. A 1973 Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya zo naɗar faifai a situdiyon EMI da ke Apapa. Fela ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata. McCartney ya gayyace shi ya kunna masa abin da suka naɗa, ya ji babu salon Afirka a ciki. Zargin bai tabbata ba, amma na fahimci abin da ya sa Fela ya yi shi: ya ga abin da ya faru da wasu.

Sai Osibisa, wadda Teddy Osei da 'yan uwansa 'yan Gana suka kafa a Landan a 1969 tare da 'yan Karibiyan da ɗan Najeriya Lasisi Amao. Bangon faifansu biyu na farko a 1971, mai giwaye masu fukafukai, Roger Dean ne ya zana, mutumin da daga baya zanensa ya zama tambarin Yes. A shagunan Landan, faifan Osibisa yana gefen na 'yan furog, masu saye ɗaya ne. Amma in an zo rubuta tarihin furog, da wuya a ba su fiye da layi ɗaya.

Akwai abin da bai kamata a ara ba ko da an biya?

Akwai. A 1981 Brian Eno, abokin aikin Robert Fripp na King Crimson, ya fitar da faifai tare da David Byrne, inda suka ɗora muryoyin da aka naɗa a wurare daban-daban a kan kiɗa. Ɗaya daga ciki karatun Alƙur'ani ne na wasu Musulmin Aljeriya. Wata majalisar Musulmi a Birtaniya ta nuna rashin amincewa, aka cire shi daga bugun da suka biyo baya, kuma da aka sake fitar da faifan a 2006 ba a mayar da shi ba. Cirewar daidai ce. Masu karatun ba waƙa suke yi ba, kuma babu kuɗin da zai mayar da tilawa kayan rawa. Da sun tambayi Musulmi ɗaya kafin su fitar, da sun ji haka.

A faifan dai akwai muryar wata mawaƙiya 'yar Labanan, Dunya Yunis, wadda ta shafe shekaru masu yawa ba ta san an yi amfani da ita ba. Sunan faifan kuma daga littafin Amos Tutuola na 1954 aka ɗauko shi, alhali a lokacin ba su karanta littafin ba. Faifan yana da ƙarfi, ya buɗe hanya ga makaɗa da yawa, kuma a lokaci guda ya tara kusan duk kurakuran aro a wuri ɗaya.

Mu ma ai muna ara. Da wane baki za mu yi magana?

Laifi tudu ne. Waƙoƙin finafinan Hausa sun ɗebi karin waƙoƙin Indiya ba adadi, ba suna ba izini. Masu bandiri a Kano sun ɗauki irin waɗannan kare-karen suka ɗora musu yabon Annabi, abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin suka yi nazari a kai. Rubutacciyar waƙarmu a kan ma'aunan Larabci ta tsaya. Algaitar da ake busa wa sarakuna, har sunanta daga Larabcin Arewacin Afirka ya zo. Duk wanda ya ce a hana aro, sai ya fara kwashe rabin abin da muke kira namu.

Mdou Moctar na Nijar misali ne mai kyau na yadda sauti ke zagayawa. Buzu ne mai jita da hagu, faifansa na farko a Sakkwato aka naɗe shi a 2008 cikin salon waƙoƙin Hausa na situdiyo, ya yaɗu ta katin waya. Daga baya ya ga salon jitar Eddie Van Halen ya ɗauki abin da ya yi masa, yau Turawa masu son rok suna cika zaure don jin sa.

Bambancin da nake gani a ƙarfi yake. Ɗan Kano da ya ɗauki karin waƙar Indiya bai rage wa mai ita ko kwabo a kasuwarsa ba, bai kuma je ya yi rajistar waƙar da sunansa a duniya ba. Kamfanin Landan ko Faris yana iya mallake sautin ƙauye a takarda, har mai shi ya koma baƙo a kan kayansa. Wannan bai wanke mu ba. Mawaƙin da ya ɗauki karin Bala ko na Tanko a nan gida ya ƙi ambatonsa, laifinsa ɗaya da na Bernholc, kuɗin ne kawai bai kai ba.

Doka ba ta magance wannan ba?

Dokar haƙƙin mallaka an ɗinka ta ne a jikin mawallafi ɗaya mai suna da ranar rasuwa. A Birtaniya da Najeriya kariyar tana kaiwa shekara 70 bayan mutuwarsa. Kiɗan da gari ya gada kaka da kakanni ba shi da irin wannan mutum, sai a ce na kowa ne, wanda ya fara naɗa ya sa hannu ya zama mai shi.

Wasu ƙasashe sun yi ƙoƙarin toshe ramin. Dokar Najeriya tana da sashe a kan kayan al'adun gargajiya, ƙarƙashin kulawar hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa. Gana ta fi nisa: da Paul Simon ya yi amfani da wani tsohon karin hailaif, kiɗan Gana, a faifansa na 1990, ya biya, kuɗin suka taimaka wajen tsayar da hukumar kula da al'adun gargajiya. Amma dokarsu ta 2005 ta ce har ɗan Gana sai ya nemi izini ya biya kafin ya yi kasuwanci da al'adar kakanninsa, makaɗa da yawa suka yi ƙorafi. Kuma kuɗin da ya shiga asusun gwamnati ba lalle ya isa ƙauyen da kiɗan ya fito ba.

An taɓa ara daga 'yan furog su ma?

Sosai. Kanye West ya yanki muryar King Crimson ta 1969 ya sa a wata waƙarsa ta 2010. An ƙulla yarjejeniya, sunayen mawallafan suka shiga, kuma a 2022 kamfanin da ke riƙe da haƙƙin naɗin ya kai kamfanin faifai na Universal kotu a Landan a kan kason kuɗin saurare ta intanet. A 2018 kuma Angélique Kidjo ta Benin ta sake rera faifan Talking Heads na 1980 gaba ɗayansa, faifan da masu shi suka ce daga Fela suka samo hasken yin sa. Ta mayar da shi gida, da sunayen kowa a rubuce.

Gaskiya ne kiɗan pank, wato gajeren rok mai zafi, ne ya kashe furog?

Haka ake faɗa, saboda Johnny Rotten na Sex Pistols ya yi yawo da rigar da ke cewa ya tsani Pink Floyd. Amma a 1977, tsakiyar guguwar pank, faifan Yes ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, shi Rotten ɗin kuma ya bayyana a rediyo cewa yana sauraron Peter Hammill, mawaƙin Van der Graaf Generator, da Can. Abin da ya faru shi ne kiɗa ya canza, rawa ta canza: Genesis da Yes suka koma gajerun waƙoƙi a shekarun 1980, wasu kamar Marillion da Dream Theater da Porcupine Tree suka ɗauki tutar.

In ina son gwadawa, daga ina zan fara?

Kada ka fara da Ingila. Fara da faifan farko na Osibisa, domin kunnenka zai samu abin riƙewa. Daga nan ka nemi waɗanda suka ɗauki tsarin furog suka cika shi da kayan gidansu: Moğollar da Erkin Koray a Turkiyya da molonsu na baglama, Triana a Sifen da kukan filamenko, Los Jaivas a Chile da sarewar tsaunukan Andes, Guruh Gipsy a Indunusiya da gamelan na Bali. A wurina waɗannan sun fi wasu manyan Ingila ɗanɗano, domin abin da suke sarƙawa da rok nasu ne tun daga shimfiɗa.

Bayan su sai ka zo kan King Crimson na 1969, da Yes na 1972, da Pink Floyd na 1973. Ka ware minti 20 da dare, ka ajiye waya, ka bar gefe ɗaya ya tafi har ƙarshe ba tsallake. A saurare na farko bi mai ganguna kawai, ka gwada ƙirga bugun da yatsa. A na biyu ka bi jitar ƙasa.